Wadda Aka Cinye Ita Ce Mai Fifita

Ranar Asabar sha huɗu ga Afrilu, 2001, ita ce rana ta ƙarshe da 'yata Lubabatu ta yi aikinta tun daga buɗewa har rufewa. Makarantar 'yan matan da nake koyar da kimiyya tana hutu, ina gida, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gan shi.

Ƙarfe biyar da rabi ta yi sallar asuba a zaune. Ba sabon abu ba ne. Luba mai ciwon sikila ce, kuma tun tana da shekara goma sha bakwai ƙugunta na hagu ya daina barinta ta yi sujada. A lokacin da nake magana shekarunta ashirin da huɗu.

Ƙarfe bakwai ta sha koko, ta haɗiyi ƙwayoyinta, ta bi su da ruwa kofi biyu. Ta ce kokon ya yi tsami. Na ce to gobe ta dama da kanta. Ta ce, "Haba Umma, ni fa injiniya ce, ba mai koko ba."

Ƙarfe takwas ta buɗe ɗakin ƙasa. Gidanmu na Madabo duk an mayar da shi ginin siminti, sai wannan ɗaki guda na marigayiya kakarta, mai rufin azara da bango mai kaurin kamu biyu. A cikinsa akwai tabarmi uku, da ƙaramar talabijin, da na'urar wasan gem, irin mai ɗaukar faifai, launin toka, girmanta bai fi na babban littafi ba. Wannan na'ura ita ce sana'ar Luba. Matan unguwa ne suke zuwa su yi wasa su biya ta, da haka take sayen maganinta. Guda ɗaya ce, tun a tsohuwa ta same ta, kuma idan ta ƙone babu hanyar samun wata. Duk abin da Luba take yi a ɗakin nan, don kada zafi ya ƙone na'urar ne.

Ta ɗauki gashin kaza ta bi ƙananan ƙofofin iskar da ke jikin na'urar, ɗaya bayan ɗaya. Ta duba murafun kwalaben lemo huɗu da ta ɗora ta a kai don iska ta riƙa ratsawa ta ƙasa. Ta auna da hannu ta tabbata ba ta matsa kusa da bango ba, kuma akwai kamu guda tsakaninta da talabijin, domin ita ma talabijin zafi take fitarwa. Tiransifomar da ke rage wa na'urar ƙarfin wuta tana can gefe ita kaɗai a kan bulo.

Ƙarfe tara Hasana ta shigo. Maƙwabciyarmu ce, matar wani tela, ta girmi Luba da kamar shekara biyar. Ita ce take jiƙa buhunan algarara biyu, irin na gyaɗa, a bakin rijiya, ta rataya ɗaya a taga ɗaya a ƙofa, sannan ta yayyafa wa daɓen ruwa. Luba ba ta taɓa ruwan rijiya, sanyinsa yana tayar mata da ciwo. Tana tsaye daga bakin ƙofa, sanye da suwaita da safa a tsakiyar bazarar Kano, tana ba da umarni.

"Ƙara matse shi, Hasana. Iska mai sanyi nake so, ba ambaliya ba."

"Ke dai kin iya sa mutum aiki. Allah ya sa mijinki kurma ne."

"Amin. Ya huta, ni ma na huta."

Ƙarfe goma da minti goma aka kawo wuta. Kafin sha ɗaya mata biyar sun taru. Cikinsu har da 'Yardada, tsohuwa mai sayar da daddawa, wadda ta haura sittin, ba ta taɓa zama a gaban mota ba, amma duk duniya ba wasan da take so irin tseren mota. Aka haɗa ta da Hasana. Motar 'Yardada ta daki bango sau uku kafin kwana ta farko.

"Wallahi motar nan taku ba ta da tarbiyya," in ji 'Yardada. "Ina ce mata dama tana yin hagu."

Luba ta ce, "Inna, ai a juye kika riƙe hannun gem ɗin."

"To wa ya juya shi? Ja'irar yarinya."

"An dai cinye ki. Ga mafici."

Dokar ɗakin ke nan ta farko: wadda aka cinye ita ce za ta zauna gefen na'urar ta yi mata fifita har sai an cinye wata. Muna da fanka ta tebur, amma wutar layinmu ba ta da ƙarfin ɗaukar fanka da talabijin tare. Da an kunna fankar sai hoto ya fara rawa.

'Yardada ta karɓi mafici tana mita. "Ni da na yi wa uwarki fifita ranar da ta haife ki, yau ni ce zan yi wa akwati."

"Kin ga ashe tun da can kin ƙware."

Doka ta biyu ita ce ta agogo. Na ba Luba wani tsohon agogo mai ƙararrawa. Minti arba'in na'ura tana aiki, minti goma sha biyar tana hutawa a kashe, da murfin faifai a buɗe. Ƙarfe goma sha biyu da minti ashirin ƙararrawa ta buga, Hauwa, wata amarya daga Kabara, tana gab da yin nasararta ta farko a duniya.

"Don Allah Luba, saura zagaye ɗaya!"

Luba ta ɗora bayan hannunta a kan na'urar, kamar yadda ake taɓa goshin yaro. Ta girgiza kai.

Hauwa ta ce, "Ai yanzu mulkin farar hula ake yi. A kaɗa ƙuri'a. Waye ke so a ƙarasa?"

Hannaye biyar suka tashi, har da mafici.

Luba ta ce, "A waje ne aka miƙa mulki. A ɗakin nan har yanzu soja ne." Ta danna makashi.

Ƙarfe ɗaya da rabi kowa ta watse sallar azahar da abincin yara. Muka ci shinkafa da wake. Luba ta ci rabin nata.

Ƙarfe biyu da rabi, lokacin da rana ta fi tsanani, ta ce in kawo ma'aunin zafina. Tsakar gida, a inuwa, digiri arba'in da ɗaya. Cikin ɗakin ƙasa, ashirin da tara. Ta yi murmushi kamar wadda ta ci jarrabawa. Mata uku suka dawo, aka yi wasan ƙwallo.

Ƙarfe huɗu saura kwata aka ɗauke wuta. Dama ƙarfe huɗu take rufewa, don kowace ta kama girkin dare. Ta zare wayar daga bango, ta bar murfin faifai a buɗe, ta ja ƙofa.

Ƙarfe biyar Hasana ta yi mata kitso a gindin dalbejiya. Bayan magariba muka ci tuwo. Ta ce gobe tana son ta buɗe tiransifomar, ta ji tana wani ƙugi da ba ta saba ba. Da aka yi isha'i ta ce bayanta yana ɗan riƙewa, ta sha magani ta kwanta. Ban ɗauke shi wani abu ba. Sau ɗari ta faɗi haka ta tashi lafiya.

A al'adarmu uwa ba ta yabon 'yarta a gaban mutane. Na san wannan, kuma na kiyaye shi shekara ashirin da huɗu. Yanzu zan faɗi wace ce ita, domin na ji abin da ake faɗa a madadin haka.

Luba ita ce ta biyu cikin 'ya'yana biyu. Mahaifinsu ya rasu tana aji biyar a sakandare. Tun tana ƙarama ba ta barin abu a rufe. Ta kwance rediyon babanta tana 'yar shekara tara, ta mayar da ita, ta ci gaba da magana. Ta samu shiga kwalejin fasaha tana karatun lantarki, amma a shekara ta biyu an kwantar da ita asibiti sau huɗu, jarrabawa ta wuce ta sau biyu, dole ta bari. Wan mahaifinta, Alhaji Maharazu, wanda yaran ke kira Baffa, shi ne babba a gidan. Ya saya mata keken ɗinki don ta samu abin yi a zaune. Niyyarsa mai kyau ce, ban taɓa musun wannan ba. Sai dai keken na ƙafa ne, kuma ƙugunta ba ya jure taka shi ko na minti goma. Ta gode masa, aka lulluɓe keken a lungu.

Farkon 1999 yayanta, ɗan farina, wanda yake aiki a Kaduna, ya kawo mata na'urar gem don ta riƙa rage zaman kaɗaici. Ba wannan ta ɗakin ƙasa ba, wata ce kafin ita. Waccan ni na kashe ta.

Ranar Asabar ce, ashirin da tara ga Mayu, ranar da sojoji suka miƙa mulki. Matan gidan da maƙwabta za su zo falona kallon rantsarwa. Na tashi gyaran falo. Luba ta kai wani mataki a wasanta da ba ta son ta rasa, sai ta bar na'urar a kunne ta koma ɗaki ta kwanta. Ni kuwa ban lura da ɗan hasken da ke jikinta ba. Na ɗauke ta daga ƙasa na ɗora a kan bidiyo, na rufe ta da ƙyallen saƙa mai shafi biyu da na yi da hannuna, irin wanda na yi wa rediyo da talabijin, na ɗora albam ɗin hotuna a kai don ya zauna daidai. Tun ƙarfe tara har la'asar tana nan. Sai da baƙi suka tafi muka ji ƙauri.

Luba ta kwance ta a kan tabarma, ta daɗe tana kallon cikinta. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗago ta ce, "Umma, ke fa malamar kimiyya ce."

Shekara goma sha tara ina koya wa 'ya'yan mutane yadda zafi ke tafiya daga abu zuwa abu, da abin da ke faruwa idan aka toshe masa hanya. Amma ranar hannuna bai tambayi kaina ba. Abin da hannun mahaifiyata yake yi shi ya yi. A gidajenmu duk abu mai daraja rufe shi ake yi: kwanon abinci, madubi, rediyo, sabuwar kujera da ledarta. Haka kuma na yi wa Luba tun tana jaririya, da bargo da kashedi.

Bayan sati uku ta sa aka ɗora keken ɗinkin a kura, ta bi shi zuwa Sabon Gari wurin wani mai gyaran talabijin, ta dawo da tsohuwar na'ura a jaka. Musanya suka yi. Ba ta shawarce ni ba.

Da Baffa ya ji, ya shigo har tsakar gida, abin da ba ya yawan yi.

"Lubabatu, keken da na saya miki kika bayar a kan abin wasan yara?"

Ta durƙusa iya yadda ƙugunta ya bari. "Baffa, ka yi haƙuri. Keken ba na iya taka shi. Wannan ina iyawa."

"Kina iya me? Wasa?"

"Ina iya hana ta mutuwa."

Ya dube ni ya ce, "Malama, kina ji?" Na ce ina ji, Alhaji. Ya jira in ƙara wani abu. Ban ƙara ba.

Ita ta zaɓi ɗakin ƙasa. Ta ari ma'aunin zafina, ta yi kwana uku tana gwada kowane ɗaki a gidan da azahar, ta gano cewa tsohon ɗakin da ake ajiye tarkace ya fi falona na siminti sanyi da digiri shida. Buhunan da ake jiƙawa ta ƙara daga baya, daga yadda kakarta take naɗe randa da jiƙaƙƙen tsumma. Ta gwada ɗora na'urar kusa da randar ma, ta ga danshi yana taruwa a jikin faifai, ta daina. Iska mai sanyi, in ji ta, amma ruwa ya tsaya can nesa.

Ba ta yi niyyar sana'a ba da farko. Hasana ce ta leƙo wata rana aron turmi, ta tsaya kallo, aka miƙa mata hannun gem, turmin ya kwana a gidanmu. Samari suna da wuraren gem ɗinsu a bakin titi. Matan aure ba su da ko ɗaya, kuma ba wanda ya taɓa tunanin suna so. Cikin wata biyu sai da Luba ta tsara layi. Namiji ko ɗaya ba ya shiga, ko ɗan shekara bakwai.

Suna zuwa da matsalolinsu ma. Wannan bidiyonta yana cin kaset, waccan rediyonta tana ɗaukewa idan ta daɗe. Tambayar Luba ta farko kullum ɗaya ce: "Da me kika rufe ta?" Rabin gyaran da ta yi a unguwar nan cire ƙyalle ne da matsar da abu daga bango. Akwai gidaje a Madabo da har yau talabijin ɗinsu take zaune tsirara, surukai suna gani suna tsaki.

A shekara ta 2000 magana ta taso. Wasu magidanta suka kai wa Baffa ƙara cewa matansu sun koyi zaman banza. Ya kira ta soro, ni ma na bi ta.

"An ce kin buɗe wa matan mutane gidan wasa."

"Baffa, wane ne a cikinsu ya dawo bai tarar da tuwo ba?"

"Ba maganar tuwo ake ba."

"To wace ce ta bar salla? Da an kira nake kashewa. Ƙarfe huɗu nake rufewa. Wanda bai yarda matarsa ta zo ba, ya hana ta, ni ban aika a kira kowa ba."

Mutum biyu suka hana matansu. Ɗaya daga cikin matan ta dawo bayan wata guda, da izinin mijinta, domin Luba ta gyara masa rediyon da yake jin labarai da ita.

Rigimar da ta fi wannan tsakanina da ita aka yi. Digiri ashirin da tara ba sanyi ba ne ga kowa. Amma ga mai sikila, fitowa daga arba'in da ɗaya a faɗa cikin iska mai danshi abin tsoro ne, likitanta ya sha faɗa mana. Na ce ta cire buhunan. Ta ce in ta cire, na'urar ba za ta ga ƙarshen bazara ba. Na ce to ta mutu mana, na'ura ce.

Ta ce, "Umma, shekara ashirin ina cikin bargo ina jiran ciwo. Na jira ya zo, ban jira ba ya zo. Gara ya zo ya tarar ina aiki."

Muka yi sharaɗi. Ba za ta taɓa ruwan ba. Za ta sa suwaita da safa. Za ta zauna a bakin ƙofa minti goma kafin ta shiga, kuma mazauninta can ƙurya ne, nesa da taga. Ta kiyaye duka, ban taɓa kama ta ta saɓa ba. Ni kuma na yarda. Ina so a rubuta wannan sarai: da sanina aka yi, da yardata.

Washegarin waccan Asabar ta ƙarshe, ranar Lahadi da hantsi, ta ce ƙirjinta. Jikinta ya yi zafi, numfashi yana yi mata wuya. Kafin azahar muna asibiti. Litinin yayanta ya iso daga Kaduna aka ɗebi jininsa aka ƙara mata. Talata da safe ta ɗan farfaɗo, ta tambaye ni ko wani ya shiga ɗakin ƙasa. Na ce a kulle yake. Ta ce kada a kunna sai an duba tiransifomar. Ba wannan ce maganarta ta ƙarshe ba. Ta ƙarshe kalmar shahada ce, kuma na ji ta da kunnena. Ta rasu ƙarfe huɗu da minti biyar na yamma, sha bakwai ga wata. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Tun a zaman makoki na fara ji. Ba a gabana ake faɗa ba, amma gidan makoki ba shi da bango. "Ɗakin nan ne ya ci ta." "Yarinya mai sikila a bar ta cikin danshi saboda abin wasa." "Uwar kuma wai 'yar boko." Wata dattijuwa daga dangin mijina ta ce, cikin tausayi, "Baiwar Allah, ta zo ta koma ba ta yi komai ba."

Bayan sadakar bakwai na koma wurin likitanta, wanda ya san ta tun tana 'yar shekara shida. Na gaya masa komai: buhunan, awon zafin, suwaitar. Na ce ya faɗa mini gaskiya, ɗakin ne? Ya ce ciwon ƙirji irin wannan yana kama masu sikila a ɗakin ƙasa da ɗakin siminti, a bazara da damina. Ya ce ba zai iya ce mini ɗakin ne ba, kuma ba zai iya rantse mini cewa ba shi ba ne. Na gode masa. Da wannan amsar nake zaune, kuma ba na neman wata.

Amma ga abin da na sani. A shekaru biyun da suka gabaci ɗakin ƙasa an kwantar da ita sau bakwai. A wata ashirin da biyu da ta yi tana aiki a cikinsa, sau biyu, na biyun shi ne na ƙarshe. Ban ce wannan hujja ce ta kimiyya ba, mutum ɗaya ba ya zama hujja. Na dai ce na ga 'yata tana tashi da safe da abin da za ta yi.

Ranar arba'in, bayan an watse, Alhaji Maharazu ya aiko a kira ni soro. Malamin da zai raba kayanta yana zaune, da yayanta.

Ya ce, "Malama, abin da ya faru ya faru, ba mai tsallake kwanansa. Amma abin nan ya fita daga gidan nan. A ba 'yan gwangwan ko a fasa shi. Ɗakin kuma a sa masa kwaɗo. Mutane suna magana."

Na ce, "Alhaji, na ji maganarsu."

"To kin gani."

"Na gani. Ina da tambaya ga Malam." Na juya. "Allah ya gafarta Malam, wadda ta rasu ba miji ba ɗa, ta bar uwa da wa shaƙiƙi guda, baffanta yana da rabo?"

Malamin ya gyara zama. Ya ce a'a, uwa tana da sulusi, saura na ɗan'uwanta ne.

Yayanta ya ce, kansa a ƙasa, "Nawa na bar wa Umma."

Na ce, "Ɗakin kuma, Alhaji, yana cikin kason marigayi ƙaninka, kai ka sa hannu a takardar."

Ya ce, "Malama, ni kike karanta wa takarda?"

"Ba raini ba ne. Ka riƙe mu tun rasuwar ƙaninka, ban manta ba, kuma ba zan manta ba. Amma ba zan fasa aikin yarinyar nan don in nuna wa mutane na yi nadama ba. Ban yi ba. Tsohuwar na'ura ce da mai gyara ya ce ba za ta wuce wata shida ba. Ta riƙe ta bazara biyu a garin nan. Wanda yake ganin wasa ne, ya gwada."

Ya ce, "Duniya ta canja," ya ɗauki takalmansa. Wata uku bai amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba. Yanzu yana amsawa da biyu.

Ga yadda aka yi da kayanta.

Tufafinta an raba wa 'yan'uwa da mabuƙata, kamar yadda aka saba. Atamfofi biyu da ba ta ɗinka ba na ba Hauwa, wadda take da ciki a lokacin. Alƙur'aninta da allonta na yarinta suna makarantar Islamiyyar unguwa. Ragowar magungunan da ba a buɗe ba na mayar asibiti don wani mai irin ciwonta. Littattafanta na lantarki yayanta ya tafi da su. Zoben azurfarta 'Yardada ta roƙa, na ba ta, bai shiga ko ƙaramin yatsanta ba, ta zura shi a zare ta rataya a wuya.

Tiransifomar na kai Sabon Gari da kaina. Mai gyaran ya buɗe ya ce wata waya ce ta saki a ciki, da an ƙara kwana biyu ana kunnawa da ta tafi da na'urar gaba ɗaya. Ya ƙi karɓar ladan aikinsa.

Na'urar tana ɗakin ƙasa. Hasana ce take buɗewa, da izinin mijinta, Asabar da Lahadi da Laraba. Ba duk matan ne suka dawo ba, wasu tsoron ɗakin suke ji, wasu an hana su. Shida suna zuwa. Abin da aka samu, bayan haƙƙin Hasana, ana sayen magani da shi a kai wa wasu yara biyu masu sikila a Gwale.

A ƙarƙashin katifarta na samu wata ƙaramar leda da ƙananan kusoshi bakwai a ciki. Na nuna wa mai gyaran, ya ce ba na na'urar ba ne, ba na tiransifoma ba. Na bi rediyo, da agogo, da dutsen guga, duk ba inda kusa ta ɓace. Na mayar da su ledarsu na sa a aljihun jakata ta makaranta, ko wata rana wani abu zai saki a gidan in gane.